Nasiha Kan Bashi da Ruwa da Kuma Rantsuwa

'Yan'uwa cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Zabura ta 15 ta tambayi wanda zai zauna a alfarwar Ubangiji, kuma cikin amsarta ta ambaci mutumin da yake cika rantsuwarsa ko da za ta jawo masa asara, wanda kuma ba ya ba da kuɗinsa da ruwa. Martin Luta, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, wanda ya tsaya tsayin daka a kan cewa mutum yana barata ta wurin bangaskiya kaɗai, bai taɓa yarda a fake da wannan koyarwa a ci gumin talaka ba. A 1524 ya yi rubutu yana tsawata wa 'yan kasuwar Jamus masu ɓoye kaya har sai sun yi tsada, a 1540 kuma ya gargaɗi fastoci da su hana jibin Ubangiji ga duk mai cin ruwa da ya ƙi tuba, kada ma a yi masa jana'izar Kirista.

Yohanna Kalbin, jagoran gyaran ikkilisiya a birnin Jeneba, ya fi shi sassauci. A wata wasiƙarsa ta 1545 ya bambanta rancen da ɗan kasuwa yake karɓa domin ya juya ya ci riba da rancen da yunwa take sa mutum ya nema, ya ce na farkon ana iya ɗora masa ruwa daidai gwargwado, amma na biyun sam ba a ɗora masa ruwa. Hukumar birnin ta ƙayyade ruwan a kan biyar cikin ɗari. Saboda haka ɗan'uwan da yake ba maƙwabcinsa buhun gero ɗaya a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare yara suna kuka, domin ya karɓi biyu da kaka, ya sani ba shi da mafaka ko a wurin Kalbin ɗin da ake ganin ya buɗe ƙofa.

Batun rantsuwa ya fi raba kan masu gyaran ikkilisiya. A 1527 Anabaftis, wato Kiristocin da suka ƙi yi wa jarirai baftisma, suka taru a ƙauyen Shilaithaim suka haramta wa kansu ita ko a gaban alƙali, suna riƙe da Matiyu 5:37, inda Yesu ya ce maganarku ta tsaya a kan I ko A'a, kuma a shekarar nan aka ƙona jagoransu Mika'ilu Satla. Luta da Kalbin sun amince da ita idan hukuma ta nema, amma babu ɗayansu da zai yi shiru ga mai kiran sunan Allah a kasuwa domin a yarda cewa mudunsa cikakke ne.