Kafin a tura dattawa ba da haƙuri

Jama'ar Zango, akwai ɗabi'armu mai kyau da take cutar da yaranmu a jami'a. Da zarar an ce ana zargin yaro da satar amsa ko kwafar aikin wani, kafin la'asar an haɗa tawaga: kawu, liman, da wani Alhaji da ya san wani a ofis. A zura manyan riguna, a taso daga unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, a je a ce wa malami, "Ranka ya daɗe, yaro ne, a yi masa afuwa." To ai shari'a ta ƙare! Mai neman afuwa ya amsa laifi ke nan, alhali ko ta bakin yaron ba a ji ba.

A da abin a fili yake. Takarda ce a cikin safa, ko rubutu a tafin hannu, mai sa ido ya kama, babu gardama. Irin wannan ba na tsaya masa, don gobe shi ne zai auna wa mahaifiyata magani.

Yanzu kuwa kwamfuta ce ke yawan nuna yatsa. Turnitin, manhajar da jami'o'i ke duba kwafe da ita, kamanceceniya take ƙirgawa tsakanin rubutunka da na wasu, har maganar da ka ambaci mai ita tana iya shiga lissafin. Wannan adadin ba hukunci ba ne, sai mutum ya zauna ya duba. Bayan fitowar ChatGPT, manhajar da ke yi wa mutum rubutu, a Nuwamban 2022 kuma sai ga manhajojin da ke cewa suna gane rubutun na'ura. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. A shekarar ne masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada irinsu da rubutun ɗaliban da Turanci ba harshensu na gida ba ne, sai fiye da rabi aka ce na na'ura ne. Ku dubi ɗan Zango: Hausa a gida, Tuwi a kasuwa, Larabci a makaranta, Turancinsa na aji ne, gajerun jimloli masu bin ƙa'ida. Shi ne farkon wanda za a yi wa ƙazafi.

Malaman jami'a, na san kuna fama da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, amma ku kira yaron. A rufe kwamfuta, a ajiye aikin a tebur. "Me kake nufi da wannan sakin layi? A ina ka samo wannan adadi?" Wanda ya kwana yana rubutu zai yi ta zuba har ka gaji. Wanda ya biya kuɗi aka yi masa, a tambaya ta biyu zai fara susar ƙeya. Sashe na 23 na kundin tsarin mulkin Gana na 1992 ma ya wajabta wa hukumomi yin adalci cikin abin da suke zartarwa.

Mu kuma iyaye, mu fara zaunar da yaron a ɗaki ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah. In ya yi, sai a je roƙo. In ya ce bai yi ba, a nemi zargin a rubuce, a ɗauko littafin dokokin ɗalibai a ga hanyar ɗaukaka ƙara, ya tattara rubutunsa na farko da tarihin gyare-gyarensa na Google Docs. Ranar zaman kwamiti kawu ya raka shi, amma ya bari yaron ya yi magana.