Ƙasar da babu ita, amma tana da tuta da majalisa da banki

Wallahi na gaji da maganar nan da ake yi duk lokacin da aka damfari mutane, wai kwaɗayinsu ne ya ja musu, su suka so banza. Eh akwai kwaɗayi, ban musa ba, amma ku zo ku ji labarin ƙasar Poyais tukuna sannan ku faɗa min ko talakan da ya sa kuɗinsa ne kaɗai ya kamata a zaga.

Wani soja ne ɗan Sikotland, sunansa Gregor MacGregor, ya yi yaƙi a Benezuwela lokacin da suke neman ƙwatar kansu daga hannun Sifen. A 1820 ya je gaɓar tekun da yanzu take cikin Honduras, sarkin mutanen Miskito ya sa masa hannu a takarda ya ba shi fili wajen eka miliyan 8, shi kuma ya ba sarkin barasa da kayan ado. Filin nan daji ne da fadama da sauro, babu komai. Mutumin nan ya dawo Landan a 1821 ya ce shi fa yanzu sarki ne, Cazique na ƙasar Poyais, kuma ya zo neman masu zuba jari da masu son ƙaura.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda ya zauna ya ƙera ƙasar nan tun daga tushe, bai bar ko lungu ɗaya ba. A 1822 aka buga littafi mai shafi sama da 350 da sunan wani kyaftin, yana bayanin yanayin ƙasar, wai iska mai daɗi ga lafiya, ƙasa mai albarka da za ka girbe masara sau 3 a shekara ɗaya, kifi da naman daji har sai ka ture, kogunan kuma akwai ƙwayoyin zinare a cikin yashinsu. Babban birnin sunansa St Joseph, wai mutum kusan 20,000 ne a ciki, da manyan tituna da gidan wasan kwaikwayo da babbar coci da fadar sarki da banki. To kai manomi ne a tsaunukan Sikotland inda sanyi ke cin ƙashi, gonar ma ba taka ba ce, aka karanto maka wannan, ka gaya min zuciyarka ba za ta motsa ba?

Gwamnati kuwa ai ita ce ya fi ƙawatawa. Majalisa mai zaure 3 ya zana mata, da tuta mai koren kuros, da tambarin ƙasa, da lambobin girma da ake rabawa, har kakin kowace bataliya ta sojan da babu su sai da aka zana. Ya buɗe ofisoshi a Landan da Edinbura da Glasgo, ya naɗa wakilin ƙasarsa a Ingila, yana sayar da muƙaman soja da na aikin gwamnati ga mutane. Ka biya kuɗi a ba ka takarda kai laftanar ne a rundunar Poyais, shi ke nan ka je ka ɗinka kaki.

Sai tattalin arziki. Ana sayar da fili eka ɗaya sule biyu da taro, da mutane suka yi ca sai aka ɗaga har ya kai sule huɗu, ka ga ke nan wanda bai saya ba gani yake ana barinsa a baya. Aka buga takardun kuɗi na Bankin Poyais a Sikotland, masu shirin tafiya suka riƙa miƙa fam ɗinsu na gaske suna karɓar dalar ƙasar da babu ita, don an ce musu a can ita ake kashewa. A watan Oktoba 1822 kuma aka fito da takardun bashi na fam 200,000 a kasuwar Landan da ruwa kashi 6 cikin ɗari.

Nan ne fa inda nake so a tsaya. Wannan bashin ba a bayan tasha aka sayar da shi ba, wani gidan banki mai suna ne a Landan ya tsaya a kai, kuma cikin masu shi akwai Sir John Perring wanda ya taɓa zama magajin garin Landan. A lokacin takardun bashin gwamnatin Ingila ruwan kashi 3 suke bayarwa, ga sababbin ƙasashe irin su Kolombiya da Chile da Peru sun shigo kasuwa a shekarar suna bayar da kashi 6, su kuma ƙasashe ne na gaske, to mutumin da bai taɓa ƙetare teku ba ta yaya zai bambance Peru da Poyais? Duka sunaye ne a jarida. Waɗanda suke da halin bincikawa, masu banki da 'yan jarida da manyan gari da suka riƙa gayyatar MacGregor cin abinci, su ne ba su bincika ba, don kowa yana da ɗan abin da zai samu. Talaka ya ga manya sun shiga sai ya bi.

Jirgi na farko ya tashi daga Landan a Satumba 1822 da mutum wajen 70, na biyu ya tashi daga Leith, tashar jiragen ruwa ta Edinbura, a Janairu 1823 da kusan 200. Akwai likitoci, akwai manoma da iyalansu, akwai wanda aka ce shi zai shugabanci bankin ƙasar, akwai wani baduku daga Edinbura da aka naɗa mai yi wa gimbiyar Poyais takalmi. Suka isa suka tarar da daji, sai 'yan kufai na wani tsohon zangon Turawa da aka watse tun ƙarnin da ya wuce. Da farko ma cewa suka yi ai direban jirgi ne ya sauke su ba daidai ba, birnin yana gaba. Damina ta sauka, zazzaɓin cizon sauro da shawara suka shiga cikinsu, ga rashin matsuguni, badukun nan da ya bar iyalinsa a gida ya harbe kansa. Sai a watan Mayu wani jirgi daga Beliz ya gano su aka kwashe su. Cikin mutum wajen 250, aƙalla 180 sun mutu, waɗanda suka koma gida ba su kai 50 ba.

Kuma ku ji wani abin takaici, cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda suka sa hannu a takardar rantsuwa wai MacGregor ba shi da laifi, jagororin tafiyar ne suka ɓata lamarin, har da wani da ya rasa 'ya'yansa biyu a can. Wannan kam mun gan shi da idonmu lokacin MMM, damfarar zuba kuɗin nan, a ƙarshen 2016, an rufe asusun mutane amma suna faɗa da kai a Facebook wai 'yan jarida da gwamnati ne suka tsorata mutane, a Janairu komai zai dawo daidai. Ni ban ga wauta a nan ba, tausayi suke ba ni, don mutumin da ya sayar da gonarsa ya ja ƙaninsa da surukinsa suka shiga, yarda da cewa ƙarya ce tun farko ya fi masa zafi a kan asarar kuɗin.

Shi kuwa gogan naka kafin waɗanda suka tsira su iso Landan ya tsallake zuwa Faris, ya sake buɗe kasuwar Poyais ɗin ga Faransawa, har da sabon kundin tsarin mulki. An kama shi an gurfanar da shi a 1826 kotu ta wanke shi. Ya dawo Landan ya ci gaba da tallar takardun fili na wasu shekaru, Ingila ba ta taɓa yanke masa hukunci kan mutum 180 ɗin nan ba. A 1838 ya koma Benezuwela, suka mayar masa da muƙaminsa na janar suka sa masa fansho, ya mutu a Karakas a 1845 aka binne shi da faretin soja, shugaban ƙasa da ministoci suna bin gawar.