Ku Bari a Ji Waƙarku Kafin Ku Kai Ta Maɗaba'a

Ran Juma'ar nan wani yaron unguwarmu ya kawo mini diwaninsa na farko, wato littafin tarin waƙoƙinsa, sabo fil, bango sai sheƙi, ga hotonsa a baya ya sha babbar riga. Wallahi na yi murna, don a zamanin nan yaro ya riƙe alƙalami ma abin yabo ne. Amma da na ce bari in rera waƙar farko, tun a baiti na biyu harshena ya harɗe. Wannan ɗango ya zarce, na bayansa ya gutsure, amsa-amon da aka faro da shi ya ɓace babu sallama. Na ce wa ya duba maka kafin a buga? Ya ce, "Kawu, ai a Facebook an yaba sosai."

To ƙannena marubuta waƙa na Kano, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan: gaggawar buga littafi alhali kunnen wani masani bai ji waƙar ba. Sauri ya haifi nawa. Waɗanda suka danna maka alamar so a waya, su wa suka rera ta? Rabinsu hotonka suka gani. Rubutacciyar waƙar Hausa tana da kari, tana da ma'auni, ko ƙwar biyu ce (baiti mai layi biyu), ko ƙwar biyar, ko waninsu, kuma kunne ne alƙalinta. In ka zaɓi waƙar da ba ta bin kari, wannan ra'ayinka ne, amma ka fara sanin abin da ka bari.

Kuma da zarar an ce ga gyara, sai a ce hassada ce. Haba! Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Ga malaman harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, ga ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano, amma yaro ya gwammace ya biya mai injin buga takardu, wanda kuɗinsa kawai ya sani. Kada ma a zo maganar ƙa'idar rubutu: babu ƙugiya a ƙ, ɗ da ɓ, har "ƙasa" ta koma "kasa". Sannan a kama zaure a yi bikin ƙaddamarwa, a gayyato 'yan siyasa, a tara kuɗi, littafin kuwa ko mai gabatar da shi bai karanta ba.

Da can ba haka ake yi ba. A Kanon nan Mudi Sipikin ya jagoranci ƙungiyar marubuta waƙa ta Hikima, Aƙilu Aliyu ya jagoranci Hausa Fasaha; a shekarun 1970 ana zama a rera, a saurara, har a rediyo jama'a su ji. Shi Aƙilu, da aka haifa a 1918, sai da ya haura hamsin kafin kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fitar da tarin waƙoƙinsa, alhali tuni sun karaɗe Arewa a bakin mutane. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Yau kuwa yaro bai haddace baiti goma na magabata ba, ya rubuta "Sha'iri" a gaban sunansa. Mu manyan ma da namu: an kawo mana littafi, mu ce "madalla" don kada a ji haushinmu, mu ajiye shi a kan kabad, ƙura ta ci gaba da aikinta.