Ba darasin girki matan Latin Amurka ke buƙata ba

Akwai wata magana da ta kama bakin masu ba da shawarar lafiya a nan Amurka, kuma ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Wai ciwon suga ya yi katutu a gidajen 'yan asalin Meziko da Guatemala da El Salvador ne saboda irin girkin iyayensu mata. Wai masara ta yi yawa, wake ya yi yawa, sai an zaunar da matan nan an koya musu abin da ake kira abinci mai gina jiki. Ni ban yarda ba. Ina zaune a tsakiyarsu a Kwarin Tsakiya na jihar Kalifoniya, ina ganin abin da suke ɗorawa a wuta, kuma ina ganin lokacin da suke dawowa daga gona.

Ciwon dai gaskiya ne, ba na musun wannan. Ya fi kama Latino, wato 'yan asalin Latin Amurka, fiye da fararen Amurka, kuma ƙasar Meziko da kanta ta ayyana shi a matsayin annobar da ke buƙatar matakin gaggawa a 2016. Amma kakannin matan nan sun shafe dubban shekaru suna cin masara da wake da kabewa, ba a san su da wannan annoba ba. Ko yau, masu bincike sun sha gano cewa baƙin da suka shigo Amurka kwanan nan sun fi 'ya'yansu da jikokinsu da aka haifa a nan lafiya ta fuskoki da dama. Wato yadda iyali ke nisa da tukunyar kaka, haka lafiyarsu ke ja da baya. To ta yaya tukunyar za ta zama mai laifi?

Bari in faɗa muku abin da ke cikinta. Wata dattijuwa maƙwabciyata, 'yar jihar Oaxaca ta Meziko, ba ta sayen garin masara idan tana da hali. Da yamma takan zuba busasshiyar masara a tukunya da ruwa, ta barbaɗa farin garin ƙonannen dutse da suke kira cal, kusan yadda muke jefa kanwa a wake. Ta bar ta ta ɗan tafasa, ta sauke, ta kwana a ruwan. Da safe ruwan ya koma rawaya, ɓawon ya saki, sai ta murje shi da tafin hannu, ta ɗauraye, ta niƙa da danshinta. Ƙullin da ya fito shi take mulmulawa ta danne ta gasa a faifan ƙarfe, ba ko ɗigon mai. Wannan ita ce tortilla. Dafa masara da cal ko toka yana sako bitamin B3 da ke ɗaure a cikin ƙwayar, ya kuma ƙara mata sinadarin ƙarfafa ƙashi. Turawan da suka kwashi masara zuwa ƙasashensu sun bar wannan hikima a baya, sai cutar pelagra ta auka wa talakawan arewacin Italiya da Sifaniya da jihohin kudancin ƙasar Amurka, fata na saɓewa, ga zawo, ga gushewar hankali. Matan da ba su taɓa shiga aji ba sun riga likitoci magance ta da ƙarnuka. Haɗa tortillar nan da wake, da ganyen alayyafo da sauran ganyayen da ke fitowa da kansu a gonar masara, da kabewa da tumatir da barkono, ku gaya mini abin da ya rage.

Dattijuwar nan maƙwabciyata ce aka ba wa takarda a wani ƙaramin asibiti, an ja layi a kan tortilla da wake, an rubuta mata burodin alkama da wasu ganyaye da ba ta taɓa jin sunansu ba. Ta nuna mini takardar tana tambaya ko da gaske abincin da ta raini 'ya'yanta da shi guba ne. Raina abincin nan kuwa tsohon abu ne. Tun 1899 wani ɗan boko na Meziko, Francisco Bulnes, ya rubuta cewa masu cin alkama sun fi masu cin masara daraja a jinsi. A shekarun 1920 a Kalifoniya an riƙa tara matan Meziko ana koya musu su bar tortilla su kama burodi domin su zama cikakkun Amurkawa. Yau kuma abincin nan ne dai, avocado da ƙwayar chia da quinoa ta tsaunukan Peru da Bolibiya, ake jerawa a kantunan masu hali da tsada, ana kiransa abincin lafiya.

Abin da ya canza ba girki ba ne. A 1994 yarjejeniyar kasuwanci ta NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Meziko ta fara aiki, masarar Amurka da gwamnati ke tallafa wa manomanta ta kwarara Meziko da arha. Ƙananan manoma masu ɗimbin yawa suka kasa mayar da kuɗin nomansu, suka bar gona, da yawansu suka ƙetaro iyaka. A daidai wannan lokaci lemon kwalba da kayan leda suka shiga kowane lungu, har Meziko ta zama cikin ƙasashen da suka fi kowa shan lemon kwalba a duniya. Vicente Fox da ya zama shugaban ƙasar a 2000 tsohon shugaban Coca-Cola ne a Meziko. Sai daga baya aka farga: harajin peso ɗaya, kuɗin Meziko, a kan kowace litar lemo mai suga a 2014, baƙin tambarin gargaɗi a jikin kayan da suga ko gishiri ya yi wa yawa a 2020, kuma a shekarar ce Oaxaca ta hana sayar wa yara irin waɗannan kaya.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na nan kwarin. Inabi da almon da tumatir da lemu da ake ci a faɗin Amurka, kaso mai tsoka daga nan yake fita, kuma hannun Latino ne ke tsinkarsa. Mace ta tashi ƙarfe huɗu na asuba, ta rufe fuska da ƙyalle saboda ƙura da feshi, ta wuni a sunkuye, ta dawo garin da babu kantin kayan lambu na kirki sai shagon gidan mai. Yaushe za ta jiƙa masara ta niƙa? A wasu ƙauyukan gundumar Tulare ruwan famfo ya gurɓata da sinadarin takin zamani da kashin shanun manyan garkuna, dole iyali su sayi ruwan roba, kuma sau da yawa lemon kwalba ya fi kusa da hannu. Sai da mata irin su Susana De Anda suka daɗe suna fafutuka kafin Kalifoniya ta rubuta a doka a 2012 cewa tsabtataccen ruwa haƙƙin ɗan'adam ne. A kwarin Salinas, masu binciken jami'ar Berkeley sun bi mata masu ciki da 'ya'yansu tun 1999, suka gano alaƙa tsakanin maganin ƙwarin da ake fesawa da raunin ƙwaƙwalwar yaran. A watan Mayu na 2008 wata yarinya 'yar shekara 17, ita ma 'yar Oaxaca, mai ɗauke da ciki, ta faɗi a gonar inabi kusa da Stockton saboda zafin rana, ta rasu bayan kwana biyu.

Kuma ba wai sun naɗe hannu ba ne. Dolores Huerta tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar leburorin gona a 1962, ita ce ta ja ragamar tattaunawa a yajin aikin inabi na Delano da leburori 'yan Filifin suka fara a 1965, wanda bai ƙare ba sai 1970. A kudancin Los Angeles iyalai kusan 350 sun mayar da wani kango mai eka 14 lambu, suna noma masara da wake da ganyayen garinsu. A 2006 aka kore su, aka sa katafila ta baje shi. Bayan shekara biyu majalisar birnin ta hana buɗe sababbin gidajen abincin gaggawa a yankin don rage ƙiba, kuma binciken da aka yi daga baya bai ga ƙibar ta ragu ba. Matan da ke yanka mangwaro da kankana da gwanda a bakin titi kuwa, masu kai kayan marmari unguwannin da manyan kantuna suka ƙi shiga, kama su ake yi ana kwashe kekunansu, har sai da jihar ta halatta sana'ar a 2018.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan zance. Masararmu da tumatir da barkono da gyaɗa da rogo duk daga nahiyar matan nan suka zo mana. Zoɓon da suke jiƙawa su sha da sunan jamaica kuma, mai yawa daga cikinsa daga gonakin Jigawa da Kano yake fita, domin Meziko ce babbar mai sayen zoɓon Najeriya. Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwanmu da ke aikin jinya da likitanci a ƙasar nan, kuma muna da su da yawa. Idan uwa Latina ta zauna a gabanku da sakamakon gwajin suga, kada ku fara da soke mata tortilla. Ku tambaye ta ƙarfe nawa take tashi daga aiki, nawa ake biyanta, kantin kayan miya mafi kusa yana ina, kuma ko ruwan famfon gidanta yana shayuwa.