Nasiha ga Matasan Zariya Masu Neman Koyon Haɗa Manhajar Waya

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ƙannena ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da sauran makarantun da ke cikin Zariya da kewayenta. A 'yan shekarun nan sha'awar koyon haɗa manhajar waya ta yaɗu a tsakaninmu, kuma wannan abin farin ciki ne, domin sana'a ce ta halal wadda mutum zai iya koya yana zaune a ɗakinsa a Samaru ko Tudun Wada, har ya yi wa mutumin Legas ko na Landan aiki ba tare da ya bar gaban iyayensa ba. Sai dai akwai wata ɗabi'a da na lura tana cinye lokacin da yawa daga cikinmu, ita ce ta sa na ga ya wajaba in yi magana. Ɗabi'ar kuwa ita ce tara kayan karatu a maimakon yin karatun.

Za ka karɓi wayar yaro mai hazaƙa ka tarar ya cika ta da littattafan da ya sauke daga zaurukan Telegram da WhatsApp, wannan na yaren rubuta manhaja mai suna Java, wancan na yaren Python, ga na Flutter, ga kuma bidiyon kwasa-kwasan da ya ƙona datarsa da tsakar dare wajen kwaso su. Idan ka ce ya nuna maka abu ɗaya da ya haɗa da hannunsa, ko da manhajar da ke tara lamba biyu ta ba da amsa ce, sai ya ce maka yana jira ya kammala wani sabon kwas tukuna. Shekara ta zagayo, littattafan sun ƙaru, hannun bai taɓa aikin ba. Wannan yana ba ni tausayi matuƙa, domin yaron ba rago ba ne, ya dai ruɗu ne ya ɗauka mallakar littafi da sanin abin da ke cikinsa duk ɗaya ne.

Mu Zazzagawa bai kamata a koya mana yadda ake karatu ba. A zaurukan malamanmu na cikin birni ba a ɗora wa ɗalibi Risala alhali bai sauke Ahalari da Ishmawi ba. Littafi ɗaya yake riƙewa, ya biya a gaban malam, a gyara masa, ya koma gida ya maimaita, sai ya kai ƙarshensa sannan ya ɗauki na gaba. Wannan tsarin shi ne nake roƙon ku ɗauko ku kawo cikin koyon manhaja: hanya ɗaya, littafi ɗaya ko kwas ɗaya, da wani wanda ya fi ku sani da zai riƙa duba abin da kuka rubuta.

Zaɓen hanyar ba shi da wuyar da ake ba shi. Wayoyin da ke hannun mafi yawan mutanenmu, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung da Redmi, duk da tsarin Android na kamfanin Google suke aiki, wanda wayar farko mai ɗauke da shi ta fito a shekarar 2008. Shekaru da dama da yaren Java ake rubuta manhajojinsa, har zuwa 2017 da Google ya karɓi yaren Kotlin na kamfanin JetBrains a hukumance, sannan a 2019 ya sanar cewa shi ne yaren da ya fifita. Akwai kuma Flutter, kayan aikin haɗa manhaja wanda shi ma na Google ne, ya fito a kammale a ƙarshen 2018, ana rubuta shi da yaren Dart, kuma amfaninsa shi ne rubutu ɗaya zai yi aiki a Android da iPhone. React Native na kamfanin Facebook, wanda ya fito a 2015, irin wannan aikin yake yi da yaren JavaScript. Wanda kuwa ya nace sai manhajar iPhone zalla, to ya sani yaren Swift zai koya, kuma manhajar Xcode da ake aikin da ita ba ta tafiya sai a kwamfutar Mac, sannan Apple yana karɓar dala 99 duk shekara kafin ya bar mutum ya ɗora manhajarsa a shagonsa. A ganina ɗalibin da ke lallaɓa kuɗin makaranta ba da nan ya kamata ya fara ba. Ka ɗauki Kotlin ko Flutter, duk wanda ka sami mai duba maka a kusa, ka toshe kunnenka daga gardamar wane ya fi wane da ake tafkawa a intanet. Taura biyu ba ta taunuwa.

Game da littattafai, abu na farko da za ka duba shi ne shekarar da aka buga littafin, tun kafin ka duba sunan marubucin. Wannan fanni yana sauyawa da sauri. Littafin Android da aka rubuta kafin 2014 zai umarce ka da ka sauke wata manhaja mai suna Eclipse, alhali tun ƙarshen waccan shekarar Android Studio, wato manhajar kwamfuta da ake rubuta manhajojin Android a cikinta, ya fito a kammale ya maye gurbinta. Littafin da aka rubuta kafin 2021 kuma zai koya maka tsara fuskar manhaja da tsohuwar hanya mai suna XML, alhali a shekarar ce sabon tsarin yin wannan aikin mai suna Jetpack Compose ya fito, kuma shi ne sababbin darussan Google suke koyarwa. Yaro zai zauna da tsohon littafi yana neman maɓallin da aka cire shekaru da suka wuce, ya rasa, ya yanke hukuncin cewa kansa ne ba ya ja, alhali laifin na littafin ne. Amma a lura, wannan gargaɗin ya shafi littattafan da ke koyar da kayan aiki ne. Littattafan da ke koyar da tushe, wato yadda ake ajiye bayani a ba shi suna, da yadda ake gindaya sharaɗi, da yadda ake sa kwamfuta ta maimaita aiki, da yadda ake kasa babban aiki zuwa ƙanana, waɗannan ba sa tsufa da wuri, kuma wanda bai ƙware a kansu ba duk wani kwas da zai shiga daga baya wahalar banza zai sha.

Shi irin wannan littafin ba a kwance a kan katifa ake karanta shi ba. Kwamfuta a buɗe, littafi a gefe, duk misalin da aka kawo ka rubuta shi da yatsunka harafi bayan harafi, kada ka kwafa ka manna. Idan ya yi aiki, sai ka ɓata shi da gangan: goge baka ɗaya daga cikin bakunan da suka rufe jimla, ko ka sauya harafi ɗaya a cikin suna, ka danna maɓallin gwaji ka ga jan rubutun da zai fito a ƙasan allo. Ka tsaya ka karanta jan rubutun nan a natse, domin yawanci yana gaya maka sunan fayil da lambar layin da kuskuren yake. Da yawa daga cikin masu koyo da zarar sun ga ja sai gabansu ya faɗi su rufe kwamfutar, alhali masu wannan sana'a kaso mai yawa na yininsu a kan karanta irin wannan saƙon da gyara abin da ya nuna yake ƙarewa. A nan ne kuma zan faɗi wata gaskiya da ba kowa ke son ji ba. Bayanin da 'yan uwanmu suke yi da Hausa a YouTube da Facebook yana da amfani sosai wajen buɗe wa mai farawa ido, Allah Ya saka musu da alheri, amma saƙonnin kuskure da takardun bayani na asali da Turanci suke zuwa, don haka dole ka gyara karatun Turancinka tare da koyon.

Kwasa-kwasai kuwa, kafin ka fitar da ko sisi ka san cewa akwai nagartattu na kyauta. Google yana da kwas mai suna Android Basics with Compose a shafinsa na masu haɗa manhaja, wanda aka tsara domin wanda bai taɓa rubuta komai ba. Jami'ar Harvard ta Amurka tana da CS50, wanda kowa zai iya bi ta intanet ba tare da biya ba, kuma yana da kyau wajen kafa tushe, ko da yake yana da nauyi. A nan gida, a 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT tare da hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, wato NITDA, da nufin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasahar zamani. Ba ina cewa kwas na kuɗi ba shi da amfani ba ne. Malamin da zai zauna kusa da kai ya nuna maka inda ka kauce ya cancanci a biya shi haƙƙinsa. Amma kafin ka biya, ka nemi ya nuna maka manhajar da shi kansa ya haɗa ka sauke ta a wayarka, ka tambayi ɗalibai nawa ke raba kwamfuta ɗaya, ka tambayi wanda zai duba aikin gida, sannan ka nemi ganin abin da ɗaliban baya suka haɗa. Duk wanda ya yi maka alkawarin za ka fara karɓar dala cikin wata ɗaya, ka riƙe kuɗinka. Ina roƙonku da Allah, kada ku sa iyayenku mata su sayar da dabbobinsu saboda irin wannan romon baka. Takardar shaidar da ake ɗauka hoto da ita a ƙarshe ba laifi ba ce, amma mai ba da aiki abin da ka haɗa zai nemi gani.

Maganar kayan aiki ita ce ta fi kashe wa mutanenmu gwiwa, kuma ba zan raina ta ba. Android Studio yana buƙatar kwamfuta mai RAM, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da take kan yi, aƙalla gigabait 8, kuma wayar kwaikwayo da yake buɗewa a cikin kwamfuta don gwaji ita ce ta fi jan ƙarfi. Mafita ita ce ka yi gwajin da wayarka ta hannu: ka shiga saiti, wurin bayanin waya, ka taɓa inda aka rubuta Build number sau bakwai, sashen masu haɗa manhaja zai buɗe, ka kunna izinin gwaji ta kebul, ka jona wayar da kwamfuta. Saukewar farko tana cin data da yawa, saboda haka ka yi ta a inda ka sami intanet mai sauƙi. Wanda kwamfutarsa ba ta kai ba zai iya somawa da MIT App Inventor, wanda a burauza ake amfani da shi ta hanyar jera tubalan umarni a allo maimakon rubutu. Ranar da babu wuta kuma ba ranar hutu ba ce, sai ka ɗauki biro da takarda ka zana fuskokin manhajarka, ka rubuta matakan aikinta.

Da zarar ka kai tsakiyar littafinka, ka nemi matsala ta gaske a unguwarku. Ga mai shago a kasuwar Sabon Gari da ke rubuta masu cin bashi a tsohon littafi mai yagaggen bango. Ka haɗa masa 'yar ƙaramar manhaja da za ta karɓi suna da adadin kuɗi da kwanan wata, ta nuna jimillar abin da yake bin kowa. A ido aiki ne mai sauƙi, amma daga ranar da ka miƙa masa wayar za ka fara karatun da babu shi a kwas. Zai kashe data ya ga ko tana aiki, sai ka gane dole bayanin ya zauna a cikin wayar, ka koma ka koyi SQLite, wato rumbun ajiye bayanai a cikin wayar. Zai rubuta sunan Ɗanladi da ɗ mai lanƙwasa yau, gobe ya neme shi da d marar lanƙwasa, manhajar ta ce babu mai wannan suna. Zai fita bakin shago cikin rana ya kasa ganin siraran haruffan da ka zaɓa saboda sun yi maka kyau a ɗaki. Zai tambaye ka inda lissafinsa zai shiga idan aka sace wayar. Kowace tambaya a cikin waɗannan za ta mayar da kai ga littafin, kuma a wannan karon za ka karanta babin kana sane da abin da kake nema a ciki.

Na san da yawa yanzu ChatGPT da ire-irensa suke sa wa su rubuta musu komai. Ba na hana amfani da su, amma mai koyo ya tambaye su bayanin abin da bai gane ba, kada ya karɓi layin da ba zai iya yi wa abokinsa bayaninsa ba, domin ranar da manhajar ta tsaya a hannun mai shago, mai koyon za a kira.

Sai maganar amana. Manhajar da ka haɗa tana iya neman izinin shiga lambobin waya da hotuna da wurin da mutum yake, kuma mutanenmu suna danna amincewa ba tare da sun karanta ba. Mun ga yadda wasu manhajojin ba da bashi suka riƙa kwashe lambobin mutane suna tura wa danginsu saƙonnin cin mutunci, har a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan masu amfani da su, kuma a watan Yunin shekarar aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya. Kada ka nemi izinin da aikinka bai buƙata ba, kuma sunayen masu bashin mai shagon nan sirrinsu ne da ya zama amana a wuyanka.

Idan manhajar ta kammala, buɗe asusun ɗora ta a Play Store dala 25 ne, sau ɗaya ake biya. Ga sababbin asusu na ɗaiɗaikun mutane, Google yana sharɗanta a sami aƙalla mutum 12 su gwada manhajar kwana 14 a jere kafin a nemi izinin sakin ta ga jama'a. Kada ka cika wannan adadi da abokan da za su sauke ta don kunya su manta da ita. Ka nemi masu ƙananan wayoyi da tsofaffin wayoyi, ka sa 'yan kasuwa da mata da dattawa a ciki, ka tanadi littafi ka rubuta duk ƙorafin da suka kawo da sunan wayar da abin ya faru a kanta, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana gyarawa kafin kwanakin su cika.