Alƙali na buƙatar wanda zai rarrabe masa hauka da larurar ɗabi'a

Idan aka gurfanar da mutum a Damagaram kan kisa ko sara ko fyaɗe, dangi kuma suka ce "ai ba shi da lafiya", alƙali mai bincike yakan nemi rahoton gwani. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta 1961 ta gaji ƙa'idar sashe na 64 na dokar Faransa ta 1810: babu laifi a kan wanda hankalinsa ya gushe sa'ad da ya aikata abin. Wato halin da yake ciki lokacin da ya ɗaga adda ake tambaya, ba yadda yake yau a gidan kaso ba. Amsa wannan tambaya sai wanda ya sha horo mai tsawo, kuma a ganinmu lokaci ya yi da Jami'ar André Salifou da babban asibitin Zinder za su haɗa hannu su kafa shi.

Mai taɓin hankali yana iya jin muryoyi, ko ya tabbata a ransa cewa maƙwabci na zuba masa guba a randa. Mai larurar ɗabi'a kuwa ya san inda yake, ya san abin da ya yi. Damuwar tana cikin yadda yake ɗaukar kansa da yadda yake zama da mutane, kuma galibi ba ta ɗauke masa alhaki. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 da ya fara aiki a 2022, ya bar tsohon jerin nau'o'i, ya koma auna tsanani: mai sauƙi, matsakaici, mai tsanani. Sharaɗi ne halin ya ɗauki kamar shekara 2 ko fiye, ya bayyana a gida da kasuwa da wajen aiki, kada kuma ya zamo ƙwaya ce ta haddasa shi. A nan ake yawan tuntuɓe. Saurayin da aka kama jiya yana cikin mayen tiramol, ko yana fama da raɗaɗin rabuwa da ita, ba a yanke masa hukunci kan ɗabi'arsa. A jira makonni, a sake ganinsa, a ji ta bakin uwa, mata, mai unguwa da maigidansa na sana'a.

Ma'aunan da ake koyarwa a Turai ma sai an yi hattara da su. Ɗauki na Robert Hare, masanin halayyar ɗan Adam, wato ma'aunin da ake kira PCL-R: abubuwa 20 ne, kowane ana ba shi maki 0 ko 1 ko 2, jimla 40, kuma a Amurka daga 30 ake cewa mutum ya kai matakin rashin tausayi mai haɗari. A ciki akwai rayuwa a kan gumin wasu, yawan gajerun aure, da rashin nuna nadama. To a garin da matashi marar aiki yake cin tuwon gidansu har ya haura talatin, saki kuma ba baƙon abu ba ne, wanda bai goge ba zai yi ta zuba maki a inda bai dace ba. Yaron da ya sunkuyar da kai ya ƙi haɗa ido da babba, kunya ce da ladabi. Baƙon gwani zai iya rubuta cewa zuciyarsa a bushe take. Ga shi ma'aunin ya dogara da tsofaffin takardu na makaranta da kotu, alhali da yawa ko takardar haihuwa ba su da ita. Tambarin da aka buga wa mutum da irin wannan kuskure yana bin sa har ƙarshen shari'a, wannan kuwa zalunci ne.

HCR-20, ma'aunin haɗarin mutum ya cutar da wasu nan gaba, ya fi amfani a wajenmu: abubuwa 10 na tarihi, 5 na halin yanzu, 5 na abin da ke jiran mutum idan ya fita, kamar wurin kwana, sana'a da wanda zai kula da shan maganinsa. Ƙarshensa shiri ne da alƙali zai iya aiki da shi.

Bitar kwana biyar a otal ba ta haifar da gwani. Abin da muke nema shi ne shekara 2 aƙalla bayan digiri na biyu, rabi a sashen masu taɓin hankali, rabi tsakanin gidan kaso da kotu. Kowane mako ɗalibi ya zauna awa guda da malaminsa su tattauna marasa lafiyarsa. Ɗalibai biyu su auna fayil ɗaya kowa daban, sannan a kwatanta makin. In tazara ta yi yawa, a koma a gano dalili. Kada rahoto ya je kotu sai malami ya karanta ya sa hannu. Hira kuma a yi ta da Hausa ko Barbarci kai tsaye, domin da zarar an sa mai gadin kaso ya yi tafinta, wanda ake tuhuma ya rufe bakinsa ke nan. Tun farkon zama a gaya masa cewa abin da ya faɗa zai isa kunnen alƙali.

A koyar da jinya ma. Babu ƙwayar da ke warkar da larurar ɗabi'a ita kanta. Ga masu yanka jikinsu ko yunƙurin kashe kansu, hanyar jinya da Marsha Linehan, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta tsara, zaman mutum ɗaya da zaman rukuni kowane mako na kusan shekara, ta nuna tana rage cutar da kai. Dangi sukan fara kai su wajen ruƙiyya. Gara a jawo malaman a nuna musu alamun da ke buƙatar asibiti, da a tsaya jayayya da su. Amma wanda ke jinyar mutum kada shi ne zai rubuta wa kotu rahoto a kansa, shi ya sa tun zangon farko dole a horar da fiye da mutum ɗaya.