Takardar shaidar asali a makarantun gwamnati

Wani rahoto da ya nuna yadda wasu jihohi ke neman takardar shaidar asali kafin su ɗauki malami aiki, ko su rage wa ɗalibi kuɗin makaranta, ya taɓo abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda asalinsa, amma a 2011 jihar Abia ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalinta ba, har da malamai. Wanda aka haifa a Jos, iyayensa suna biyan haraji a can shekara da shekaru, bai kamata a kira shi baƙo ba. Ya kamata majalisun jihohi su amince da shaidar zama, musamman yanzu da azuzuwa ke fama da ƙarancin malamai.